Abin Da Ya Toshe Kwalbati

"A rushe unguwar kawai," in ji malamin ilimin taswira, bakinsa daf da makirufo. "Ƙazantarsu ce ta toshe kwalbati, ruwa ya ci su."

A gidan rediyon jami'a ake wannan, 'ya'yana, shirin muhalli ne kai tsaye. Unguwar kuwa ita ce ta bayan katanga, inda duk ruwan jami'ar yake gangarawa.

Sai ƙofa ta buɗe. Tsohuwa mai sharar gidan rediyon ce, zani jiƙe har gwiwa, tana jan buhu. A unguwar take, jiya ma ruwa ya tafi da katifarta.

"Iya, fita! Ana jin mu!" in ji Malam.

"Gara a ji. Mu ƙazaman mun shiga kwalbatin da hannunmu."

"Kwashe shararki! Jahilci dai ciwo ne."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zaro wani ƙaton ƙyallen roba na talla, duk taɓo, ta shimfiɗa gaban ɗalibar da ke gabatar da shirin.

"'Yar nan, ni ban yi boko ba, masu saurare kuma ba sa gani. Karanta musu."

Ɗalibar ta goge taɓon ta ce, "Makon Tsaftar Muhalli... ga hoton Malam a jiki."

"Irinsa goma sha ɗaya muka ciro," in ji Iya. "Kuna gama taronku aka wurgo mana su ta katanga." Ta jawo makirufo gabanta. "Malam, fuskarka ce ta toshe mana ruwa. Yanzu wa za a rushe?"