Sukundireba Mai Bakin Tauraro

"Jiya ka ce sifana ce babu, Baba. Ga sifana."

"Lamba nawa ce? Karanta mini, tunda kin zama malama."

"Goma. Ga shi nan ɓaro-ɓaro kamar allon tasha."

"To, takwas nake so."

Rihab ta haɗiye tsakin da ya taso mata. Si Munji, babanta, yana zaune a bakin ƙofar luwaj ɗinsa, farar motar haya mai jan layi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar fasinja da ita daga Gafsa zuwa Safakis. Ya dafe baƙin gilashi a fuska cikin gareji kamar jarumin fim, yana shafa kayan aikin da ke kan tsumma ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce mai zaɓen dabino.

Wai gidan makulli ne ya mutu. Tun farkon wata ake wannan waƙar. A murza makulli, shiru.

Yau da la'asar kuma ake zaɓen 'yan matan da za su shiga ƙungiyar tsere ta yanki, a filin wasa na Safakis. Wadda ba ta je ba sai baɗi, baɗi kuwa shekarun Rihab sun wuce. Mama Zakiya ta ce ba mai barin ta tafiya ita kaɗai. Baba ya ce 'yar direban luwaj ba ta shiga motar wani, sai a mai da shi abin hira a tasha har ya mutu. Shi zai kai ta da kansa, da zarar ya canza gidan makullin.

Da zarar. Makon farko filaya ce ta ɓata. Rihab ta aro a gidan maƙwabta. Sai aka ce murfin sitiyari ba ya kwancewa sai da sukundireba mai bakin tauraro. Ta nemo. Sai aka ce tauraron ya yi girma. Ashe su ma taurarin akwai yara akwai manya.

Ganin haka ta zauna da wayar Mama ta karance yadda ake aikin daga farko har ƙarshe, tana bin layi da yatsa.

"Baba, sun ce notikan da ke riƙe da gidan makulli ba su da kai. Tun daga kamfani ake ɗaure su har kan ya karye, saboda ɓarayi. Da kurfi da guduma ake juya su. Ga kurfi, ga guduma. Saura me? Ko sai an kawo injiniya daga Jamus?"

"Ki iya bakinki, yarinya."

"Na iya. Mota ce ba a iya ba."

Mama ta shigo da shayi. Baba ya karɓi butar ya ɗaga ta sama yadda ya saba don kumfa ta tashi, rabin shayin ya sauka a kan faranti.

"Iska," in ji shi.

A gareji mai ƙofa a rufe. Mama ta goge farantin da gefen mayafinta, ta fita. Ita ma kwanan nan ta zama lauyarsa. Ko ranar da ya dawo da gefen motar a goge da bango, cewa ta yi bangon ne ya yi kusa.

Rihab ta dubi agogo. In ba su kama hanya kafin azahar ba, shi ke nan.

"Sabon gidan makullin ma yana ina?"

"An yi oda."

"Daga ina? Duniyar wata?"

Ya ci gaba da shafa kayan aikinsa. Ta koma kan wayar. Layin farko ya ce kafin a taɓa komai a ƙarƙashin sitiyari sai an cire kan batir. Ta ce bari ko wannan ta rage masa, ta ɗauki sifanarta mai lamba goma da aka raina, ta buɗe wajen batir.

Kan a cire yake. An naɗe shi da tsumma tsaf an tura gefe, ƙura har ta kwanta a kai.

Ta dubi sitiyari. Murfinsa na nan daram, ko noti ɗaya ba a taɓa ba.

"Me kike yi a nan?" Baba ya tambaya, fuskarsa na kallon wajen akwatin kayan aiki.

Ta mayar da kan batir ta ɗaure. Ta haye kujerar direba, ta murza makulli. Motar ta tashi a bugu ɗaya, da ƙara kamar mai jiran a kira ta.

Ta kashe. Garejin ya yi tsit.

"Masha Allah, Baba. Mu'ujiza. Ko bakin tauraron ba a yi amfani da shi ba." Ta zare makullin. "Da ka ce mini ba ka son in yi tsere kawai. Da ban bi gida-gida ina aron filaya kamar mahaukaciya ba."

"Rihab, 'yata..."

"Ga makullinka."

Ta ture ƙyauren gareji rana ta shigo, ta miƙa masa makullin a daidai gaban hancinsa. Ya ɗaga hannu. Ta gaji da jira, ta sake shi ya faɗi kan siminti, ta fita ta bugo ƙyauren da ƙarfin da ya sa tattabarun kan rufi tashi.

Sai da ta kai bakin titi ƙafarta ta tsaya da kanta: makullin da ta riƙe a gaban fuskarsa cikin tsakar rana, iska babanta ya yi ta lalube a gefensa, don ba ya ganin sa.