Gurnanin Cikin Kiɗan Auta

Auta ya ɗora sabon kiɗansa mai ban tsoro a intanet, ya roƙi jama'a su faɗa masa gaskiya. Ba wanda ya kula da gangunan da ya sha wahalar haɗawa a kwamfuta. Kowa wani gurnani da ke ƙasa-ƙasa yake yabo.

"Tsigar jikina ta tashi! Da wace na'ura ka yi shi?"

Shi kuwa bai sa wani gurnani ba. Ya je ya kunna wa Mama.

Ta saurara, ta taɓe baki.

"Minsharin babanka ne, ka bar makirufo a kunne yana barcin rana. Miƙo wayar nan. Tun kafin a haife ka nake jiran a tambayi ra'ayina."