Direban da Ya Soya Albasa Biyu

Habila, ɗago kanka ka dube ni. Matarka ta gaya wa tawa an sallame ku daga aiki tun watan jiya, kai kuma kana ce mini lafiya lau. To, ni tsoho ne, ban iya kwana-kwana ba. Ga misali, ka yi abin da ka ga dama da shi.

An yi wani direba a garinmu, shekara goma sha huɗu yana jan motar wani kamfanin auduga. Direba ne na gaske, ko kaza bai taɓa takewa ba. Rannan kamfanin ya durƙushe, aka ce kowa ya kama gabansa. Mutumin nan ya dawo gida, ya ja matarsa ɗaki, ya ce kada ta kuskura ko ƙuda ya ji. Kowace safiya sai ya goge takalmi, ya sa rigar aiki, ya fita yana gaisawa da mutane da ƙarfi, ya zaga bayan tasha ya zauna a gindin dalbejiya har la'asar. Wata huɗu cur yana wannan wahalar banza. Kada ka ce ba ya addu'a fa. Yana yi, har da azumi, gwiwarsa har ta yi kanta wajen roƙon Ubangiji ya ba shi aiki kafin Kirsimeti. Ban da matarsa, Allah kaɗai ya yarda ya san halin da yake ciki, shi ma don ba yadda zai yi ya ɓoye masa ne.

To, ikilisiyarmu tana da wata al'ada tun zamanin iyayenmu. In an yanka saniyar Kirsimeti an yi watanda, akan ware kashi biyar na marasa hali, a haɗa da shinkafa da mai. Ba a kiran sunan kowa a gaban jama'a, don kada a kunyata mutum da iyalinsa. Ranar jajibiri da hantsi dattawa uku ke zaga unguwa, kuma hanci ne jagoransu. Gidan da suka ji ƙamshin suya, su yi barka daga waje su wuce. Gidan da murhu ya yi sanyi, su shiga su ajiye, su fita ba dogon zance. Direban ya san wannan sarai. Da ya hango su sun shigo layi, sai ya ruga ciki ya ce wa matar ta hura wuta, ta tsiyaye ɗan man gyaɗan da ya rage a gindin kwalba, ta yanka albasa biyun da suka saura a gidan. Ta dube shi ta ce, “Maigida, yaran nan tun jiya garin rogo suke sha.” Ya ce, “Soya na ce!” Ta soya tana share ido da bakin zane. Ƙamshi ya cika layi, shi kuwa ya ƙure rediyo yana bin waƙar Kirsimeti kamar wanda aka ƙara wa albashi.

Ni ne nake riƙe da kwandon naman a ranar, don haka ba labari aka ba ni ba. Ɗaya daga cikinmu mai gidan burodi ne. Ya sayi motar da za ta riƙa kai burodi ƙauyuka, makullin yana aljihunsa. Ya ji ƙishin-ƙishin cewa kamfanin auduga ya rufe, ya kuma ƙudurta in gaskiya ne, ba shi da direba sai wannan. Muka tsaya a ƙofar gidan, ya shaƙi ƙamshi, ya saurari waƙa, ya girgiza kai ya ce, “Ashe ƙarya ake yi. Mai jan motar kamfani, in na ce ya zo ya ja ta burodi, ai na zage shi.” Muka yi barka, direban ya amsa daga ciki da murya garau, muka wuce. Gida huɗu gaba muka tarar da wani da a da yake jan tasi aka sayar da motar, yana zaune a dakali, murhunsa ko toka mai ɗumi babu. Da muka tambaye shi gida, bai yi nuƙu-nuƙu ba, ya ce, “Baba, wata biyu ba na aiki, gidan nan babu komai.” Tuƙinsa bai kai rabin na wancan ba, don ya taɓa zuba ni a kwalbati. Amma shi ya sami naman, shi ya sami makullin.

Washegari a coci, lokacin godiya, mai tasin ya taso da rawa yana kaɗa makulli, yana faɗa wa jama'a yadda Allah ya aiko masa da aiki har dakali. Da aka tashi, mai gidan burodi ya kama hannun direbanmu a bakin ƙofa, da zuciya ɗaya, ya ce, “Kai na fara nufa jiya, sai na ga Ubangiji ya rufa maka asiri. Allah ya ƙara.” Matar direban tana tsaye a gefensa da yara. Har yau in na tuna fuskarta raina yana ɓaci, don ita da yaran ba su yi laifin komai ba.

An ji addu'arsa, Habila, ban da shakka ko kaɗan. Amsar ta tako da ƙafarta har ƙofar gida, shi ya sallame ta da kansa. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.