Minti Ɗayan Tasi'u

Tun da aka damƙa kotun manya a hannun na'ura, minti ɗaya ake ba mutum ya kare kansa. Jiya Tasi'u ya cika sha takwas, yau ga shi gabanta kan satar wayar da ko ganinta bai yi ba.

Da fitilar ƙirga lokaci ta kama, sai ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ina kwana?" Ya yi tsit yana jiran a amsa, yadda aka rene shi.

"Yi magana, ɗan nan!" innarsa ta kurma ihu.

Fitila ta mutu. Takarda ta fito: bai musanta ba, shekara uku.

Ya juyo, idanunsa jawur. "Inna, ba ke kika ce kada in riga babba magana ba?"