Kaset ɗin Ƙasan Akwati

Yoyon rufi ne ya sa Kombo ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gadon mahaifiyarsa. Ya zaci tsofaffin zannuwa ne. Da ya buɗe sai ga kaset-kaset jere reras, har da rakodar nan mai jan maɓalli da ya ɗauka tuntuni an zubar.

"To, gadonka ya fito tun mai shi na da rai," in ji matarsa Zuwena. "Wasu su gaji gonar kwakwa, kai ka gaji ƙura da kyankyasai."

Ya ci gaba da kakkaɓe kaset ɗin. Dama Kombo ba mai tankawa ba ne. Duk garin Pangani, Bebe ake ce masa alhali bakinsa lafiya lau, kuma kowa ya san inda sunan ya samo asali. Yana ɗan shekara biyar aka bar masa ƙanwarsa Riziki, ta faɗa rijiyar bayan gida yana kallo, bai yi ihu ba, bai kira kowa ba. Maƙwabciya ce ta shigo aron turmi, ta same shi tsaye a bakin ƙofar ɗaki ya toshe baki da hannu biyu. Shi bai tuna komai na ranar ba. Abin da aka gaya masa ya riƙe, ya girma da shi, har ya yi furfura bai taɓa yarda an bar masa yaro ba, ko da na cikinsa ne.

Mahaifiyarsa, Bi Chausiku, ba ta taɓa zaginsa a kan maganar ba. Da ma zagin ta yi, da ya fi masa sauƙi. Daina kallonsa ido cikin ido kawai ta yi. Yanzu tsufa ya kwashe mata tunani, in ya kawo mata shayi sai ta tambaye shi ko ɗan gidan wa ne. Jikinta kullum baya yake yi. Abu ɗaya Kombo yake roƙon Allah: ta gane shi ko na ɗan lokaci ne, ya nemi gafararta kafin ta tafi.

Ya sayo batir, ya naɗe zaren kaset da biro, ya kunna. Kiɗan tarabu, irin na bikin Sawahilawa, ya cika ɗakin, da shuuu ɗin nan na tsohon kaset. Sai ya ga yatsun ƙafar tsohuwa suna motsi a ƙarƙashin mayafi.

A ƙuruciyarta Bi Chausiku mayyar tarabu ce. Ba ta sayen kaset, ɗauka take yi. In mai gabatarwa ya ambaci waƙar da take jira, sai ta kara rakoda a bakin rediyo ta danna jan maɓalli, gida ya yi tsit. Wanda ya yi tari ya sha silifa. Amma gida ba ya shiru don an ce ya yi, shi ya sa kowane kaset ya haɗiye wani abu: carar zakara, ƙararrawar keken marigayi mahaifinsu, kiran mai kifi, da tsakinta mai tsawo a bayan kowanne. Kombo ya yi dariya har da hawaye, Zuwena ta leƙo ta ga ko lafiya.

Kwana da kwanaki yana kunna mata. Ta fara bin baitoci. Ta tuna sunayen amaren da aka yi wa kiɗan, ta tuna maƙwabtan da suka daɗe a ƙasa. Sunansa ne dai bai fito ba.

Kaset ɗin suka ƙare a shekarar da Riziki ta rasu. Daga ranar ba a sake jin rediyo a gidan ba, biki ma in da kiɗa ba ta zuwa. Saura guda ɗaya a can ƙasan akwati, naɗe cikin ɗan zanin goyo. Babu rubutu a jikinsa, amma ya fi sauran koɗewa, alamar ya sha hannu.

Da hantsi ne, ana yayyafi, Zuwena ta tafi kasuwa. Ya saka shi ya danna.

Dariyar ƙaramar yarinya ce ta fara fitowa.  Bai san yana tune da wannan dariyar ba sai da ya ji ta. Sai muryar mahaifiyarsa, da ƙuruciya da zaƙi: "Kombo, ɗauke ta ku fita waje, za a sa waƙata." Aka ji takun ƙananan ƙafafu suna nisa. Kiɗa ya tashi, muryar mawaƙiyar na rawa saboda yawan kunnawa da kaset ɗin ya sha.

Tsohuwa ta buɗe ido. Ta juyo ta dube shi, cikin idonsa, irin kallon da rabonsa da shi tun yana yaro.

Ya durƙusa a gefen gadon. "Mama, ni ne Kombo. Ki yafe mini. Don Allah ki yafe mini."

 Kunnenta na ga rakodar, leɓɓanta na motsi, ta riga ta san abin da ke tafe. A hankali ta ɗaga yatsa ta kai baki.

Cikin kiɗan aka ji gudu, ƙofa ta bugu, sai muryar ƙaramin yaro yana haki yana kuka: "Mama! Mama, ki zo! Riziki ta faɗa rijiya!"

Murya biyu suka amsa masa lokaci guda, ɗaya daga rakoda, ɗaya daga kan gado: "Shhh! Toshe mini bakin nan, sai waƙar ta ƙare."