Rigar Sanyi Mai Takarda a Wuya

Saude ba ta nan. Wata goma sha ɗaya ke nan ban ji motsinta a gidan nan ba, kuma ba ni da kabarin da zan je in tsaya a kai, don a wata ƙasa aka binne ta. Kai kuwa, Tukur, ka zo kana tambayata yadda ake karɓo kuɗin harajin da ake mayar wa baƙi a filin jirgi, tunda za ka fita waje da iyalinka. Zan gaya maka. Amma zan faɗe shi kamar labarin wani, don ta haka ne kawai bakina yake iya ɗaukarsa.

Wani ɗan kasuwa ne, mai sayar da kayan babur, ya kai matarsa asibiti a wata ƙasa mai sanyi. Suka kama ɗaki kusa da asibitin. Kullum da safe su taka a ƙafa, iska tana yankar kunne. A kan hanyar akwai wani kanti, an rataye doguwar rigar sanyi a bayan gilashi, ruwan toka, mai gashi a ciki. Matar ba ta ce a saya mata ba, amma duk ranar da suka zo wurin sai ta rage sauri. Ya lura. Rana ta huɗu ya shiga ya saya. Mai kantin ya karɓi fasfonsa, ya cika masa wata takarda, ya yi masa bayani ta bakin tafinta. Ya ce baƙon da zai fita da kaya daga ƙasar, ana mayar masa da harajin da aka ɗora a kan kuɗin kayan. Sai dai ya riƙe rasit, ya nuna wa kwastan kayan a filin jirgi kafin ya ba da jakarsa. Kuma kayan su kasance sababbi, ba a sa ba, ba a tsinke 'yar takardar da ke wuya ba.

Mutumin nan ba marowaci ba ne, fili ya sayar don wannan tafiya. Amma shekara talatin a kasuwa ta koya masa cewa kuɗin da aka ce naka ne, ba ka tafiya ka bar shi. Da suka koma ɗaki ya bar ta ta shafa gashin rigar da hannu, sannan ya ninke, ya mayar cikin leda, ya sa a ƙasan akwati.

Ta ce, "Malam, ai a nan ake sanyin."

Ya ce, "Kwana tara suka rage mana. In kika sa, kuɗin ya tafi. Ki bari mu je gida."

Ta yi dariya ta ce, "A gida kuma? Sai dai in sa ta in dahu."

Ba ta ƙara maganar ba. Ta ci gaba da ɗaura zane biyu, ta ɗora tsohuwar suwaitarsa a kai, ta cusa hannuwanta a hammata har su isa asibiti. Bayan kwana shida jiki ya tsananta, aka kwantar da ita. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ta cika. Musulmin garin suka taya shi sutura da salla, aka kai ta. Ya tambayi likita ko sanyi ne. Likita ya ce a'a, ciwon ne ya ci ƙarfinta. Ya sake tambaya, aka sake ba shi amsa ɗaya.

Ranar tafiya ya isa filin jirgi da fasfo biyu a aljihu. Bai san abin da ya kai shi layin karɓar kuɗin haraji ba, ƙafarsa ce ta bi abin da aka tsara tun farko. Jami'in kwastan ya zaro rigar daga leda, ya juya ta, ya duba ƙarƙashin hannu, ya duba takardar wuya, ya buga hatimi. A taga ta gaba aka miƙo masa kuɗin. Ba su kai kuɗin buhun shinkafa ba.

Da jirgi ya sauka a gida, kwastan na nan suka buɗe akwatin. Jami'in ya ɗaga rigar, ya ga takarda tana reto, ya ce, "Alhaji, wannan sabuwa ce fil, sai ka biya mata haraji. Da an sa ta ko sau ɗaya ne, da ta zama kayan jiki, ba ruwanmu da ita." Mutumin bai yi musu ba. Ya ciro kuɗin da aka ba shi can, ya cika da na aljihunsa, ya biya. Rigar tana nan har yau. Ya kasa bayar da ita, ya kasa kallonta.

To, dokar ke nan, Tukur, ban rage maka komai ba: rasit, fasfo, hatimi, da kayan da ba a taɓa ba. Hajar kanti ka bi da ita ta wannan hanya, halalinka ne. Amma abin da ka saya wa mutum mai rai, tsinke takardar tun a bakin kantin ka sa masa a jiki. Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.

Wanda duk maganar nan ta iske, ya taya ni da addu'a. Allah ya jiƙan Saude, ya haskaka kabarinta a ƙasar da ba ta da kowa, ya yafe wa wanda ya ce mata ta bari sai an je gida. Amin.