Aron Ashana a Kabo

Da likitan ido ya hana wani tsoho taba, wai ita ke cinye masa tsakiyar gani har fuskoki suka koma inuwa, sai tsohon ya taso daga Gwarzo takanas zuwa Kabo, inda ba wanda ya san shi.

A gindin darbejiya ya zaro kara ɗaya, ya dubi mutumin da ke gefensa.

"Samari, ara mini ashana. Wani yaron likita ya ishe ni da zogale da alayyahu, sai ka ce akuya. Ni da nake hango allura a duhu!"

Mutumin ya zare tabar daga bakinsa a hankali.

"Baba, Kabo garinmu ne. Ni ne yaron, kuma tun ɗazu fuskata kake kallo."